Mutum Uku da Na Bari a Sama

Tun da rediyo ya ce Nasara sun taka wata, samari suke zuwa rumfata. Wani ya gaya musu wai akwai tsoho a Dungas da ya rubuta irin wannan tun ba a haife su ba. Suna zuwa da kaye, littafin rubutu, da alƙalami a aljihu, su zauna a kan garwa, su ce su ma za su yi, ai abu ne mai sauƙi, ƙarya ce kawai mutum zai zauna ya shirga. Ba na musu da su. Amma tunda kun dame ni, ga yadda aikin yake. Sau ɗaya zan faɗa.

Sunana Mato. Sana'ata liƙi. Gwangwani da garwar kananzir nake yankawa, in lanƙwasa, in haɗe da darma: fitila, mazurari, buta, ludayin awon mai. Da ita na ci abinci shekara hamsin. Rubutun labari bai taɓa ba ni loma ɗaya ba. Ban shiga lakwal, makarantar Nasara, ba, allon da aka ba ni ina yaro kuma ban yi wata biyu da shi ba aka mai da ni kiwon awaki. Littafi ɗaya na yi a duniya, shekara bakwai ina yinsa, a kan mutum uku da suka hau sama cikin jirgin garwa. Abin da na sa a gaba guda ne: in sauko da su ƙasa lafiya, in karanta wa wani mutum labarin daga farko har ƙarshe.

Aikin farko da ubangidana ya ba ni shi ne wanke gwangwanin sardin da yashi. Wata uku ba abin da na taɓa sai wannan. Sunansa Kafaran Isa, tsohon sojan Faransa ne, ya dawo daga yaƙin farko da yatsa takwas da akwatin kayan aiki, ya kafa rumfa a kasuwar Magariya. Almakashi ɗaya, ƙarfen liƙi biyu, awartaki, ƙaramar guduma, zugazugi, da kwalbar sinadari da ba ya barin kowa ya riƙe. Ya ce darma ba ta kama datti. In na miƙa masa gwangwani ya ga ɗigon mai ɗaya, sai ya jefa shi cikin yashi bai ko dube ni ba. Bayan shekara ya bar ni na ɗora ƙarfe a wuta. Bayan biyu na liƙe butata ta farko. Ya cika ta da ruwa, ya ɗora mini a ka, ya ce in zauna har la'asar. Ta yi yoyo.

Shi ya koya mini baƙaƙe. A barikin soja wani Babarbare ya koya masa ajami don ya riƙa aika wasiƙa gida. Ba shi da allo, da ƙusa yake zana mini harafi a jikin garwa. Gemu ya riga ya fito mini ina haɗa baƙi da baƙi kamar yaro. Rubutuna har yau a karkace yake, don hannun yankan gwangwani ya fara sani.

Kafaran ya ga abubuwa a ƙasar Nasara. Jirgin da ke nutsewa ƙarƙashin teku da mutane a ciki, su fito da ransu. Ɗakin da ke hawa bene da kansa. 'Yan kasuwa suna ce masa sarkin ƙarya, su saya masa goro don ya ƙara. Ni ban taɓa yin dariya ba. Na tambaye shi, to bayan waɗannan me za a ƙera? Ya dube ni ya ce, "Ni abin da na gani da idona na faɗa aka ce ƙarya. Kai kuma wanda ba a yi ba kake nema. Hura wuta."

Wani gwangwanin madara ne ya jawo komai. Na liƙe shi ruf ban lura da sauran ruwa a ciki ba, na ajiye a gefen garwashi. Can sai ya fashe da ƙara kamar bindiga. Murfin ya tashi ya ƙetare rumfa uku ya faɗi cikin masu hatsi. Kafaran ya mare ni. Da yamma na je na auna da ƙafa, taki talatin. Ruwan da ke ciki bai kai cokali biyu ba. Na ce a raina, in cokali biyu ya jefa murfi taki talatin, ruwan rijiya guda me zai jefa, kuma har ina? Daga nan littafin ya fara.

Ga abin da ba ku gane ba. In aljani ya ɗauke ka ya kai ka sama, tatsuniya ce, kakarka ta fi ka iyawa. In ƙarfe ne ya ɗauke ka, sai ka faɗi abin da yake ci, da inda aka haɗa shi, da inda zai fara tsagewa. Ban yarda in rubuta abin da hannuna bai iya gwada ƙaraminsa ba. Jirgina garwa dubu ce aka buɗe aka shimfiɗa aka liƙe ninki uku, tukunyar tururi a gindinsa. Mutanen ciki maƙeri ne, da mai haƙar rijiya, da falke. Damina uku ba a yi ruwa a garinsu ba, suka ce za su hau su ga inda ruwan yake tsayawa. Suka wuce girgije, jirgin ya ƙi tsayawa, sai ga su a kan wata. Wannan da na faɗa cikin numfashi biyar, shekara huɗu ya ci mini.

Kayan aikin rubutu ba a sayar da su ga irina. Alƙalami na gamba ne, ni nake feƙe shi da wuƙar aiki. Tawada baƙin gindin tukunya ce da ƙaro, a jiƙa a tace da tsumma. Takarda ita ce wahalar. Shuɗiyar da ake naɗe sukari da ita ba ta nuna baƙi. Da ake ginin bariki a Magariya na gano buhun siminti: a yage na waje, a ɗauki na tsakiya, a kakkaɓe, a goge da ƙarfe mai ɗumi, a yanka daidai tafin hannu biyu. Takarda ce mai ƙarfi kamar fata. Magina suna ba ni, ni kuma in gyara musu fitilu.

A lokacin na koma Dungas. Mijin yayata Kuluwa ya rasu ya bar ta da jaririya, Zule, ba namiji a gidan. Na kafa rumfata a nan. Na taɓa aure, matar ta rasu, ba shi ne zancen ba. Tsakanin azahar da la'asar, in kasuwa ta mutu, nake rubutu a zaure. Kafin in taɓa takarda sai na wanke hannu sau biyu da toka, don sinadari yana cin takarda. In na gama in zuba cikin burgami in rataye a can saman azara saboda gara. Ban yarda kowa ya taɓa ba. Kuma ban taɓa sa sunan Allah a ciki ba, ko bisimilla, da gangan, don takarda ce da za ta iya faɗuwa ƙasa, labarin ƙage ne kuma. Yaya ta tambaye ni sau ɗaya me nake rubutawa haka kullum. Na ce labari ne. Ta yi murmushi ta ce to, ba ta ƙara tambaya ba. Na ɗauka ta gane.

Masu saurare kuwa, ga su. Ranar kasuwa, in mutum ya kawo fitila yana jiran darma ta huce, sai in zaro takarda in ce ya ji wani abu. Wani ya saurara kaɗan ya ce yaushe kura za ta shigo. Wani malami ya ce na ɗauki baƙaƙen da aka saukar da littafi da su ina wasan yara, ya tashi ya bar butarsa, daga baya ya aiko ɗansa ya karɓa. Wata mai fura daga Mallawa ta saurara har shafi uku, na ce yau na sami mutum. Da na tsaya sai ta ce, su waɗannan da suka tafi, sun bar wa matansu hatsi kuwa? Akwai wani komi, ma'aikacin ma'aunin gyaɗa, ɗan lakwal mai tabarau. Ya karɓi takardar ya juya ta sama da ƙasa, ya ce Nasara suna da irin waɗannan littattafan cike da ɗaki, kuma masu ilimi ne suke yi. Ya miƙo mini da yatsa biyu. Daga nan na daina karanta wa kowa a Dungas.

Mutum ɗaya ya rage. Duk wata uku nakan taka zuwa Magariya sayen garwa, in sauka wurin Kafaran. Ya tsufa, ido ya tafi, yana zaune a ƙofar gida. In karanta masa, yana taunar goro, ba ya cewa ya yi kyau. Bai taɓa cewa ba. Ranar da na karanta masa inda aka liƙe ƙofar jirgin don kada sanyin sama ya shiga, sai ya ɗaga hannun nan mai yatsa uku.

"Ka rufe su ruf?"

"Ruf, Baba."

"To me suke shaƙa, ɗan banza?"

Na koma Dungas na kama gyare na sa a gwangwani na liƙe. Da na buɗe bayan kwana biyu ya mutu. Na sa wani, na bar ƙofa kamar ta allura, ya rayu. Shafi ashirin na yage. Shekara guda na yi kafin na ba mutanena salka ɗari biyu cike da iska, an matse da zugazugi, ana kwance ɗaya bayan ɗaya, falke shi ke riƙe da lissafinsu don shi ya fi rowa. Na kai wa Kafaran. Ya tofar da goro, ya ce, "To. Ka hau da su. Ta ina za ka sauko da su?"

Ruwan tukunyarsu ya ƙare wajen hawa. Gawayi ya ƙare. A kan wata ba itace, ba rijiya, haka na riga na rubuta kuma na ƙi canjawa don in sami sauƙi. In sun faɗo haka kawai za su farfashe kamar ƙwai. Na jefa gwangwani daga kan kuka da ƙwai a ciki fiye da yadda zan iya tunawa. Na sa masa fiffike, na sa masa laima ta tsumma, na cusa auduga. Shekara biyu ke nan. A cikinsu Kafaran ya rasu. Na je na tarar an yi bakwai. 'Ya'yansa suka ba ni ƙarfen liƙinsa ɗaya.

Wata ranar kasuwa ina gyara wa wata mata mazurari, hanyar ta zo mini gaba ɗaya. Na tuna na yi dariya ni kaɗai har matar ta ja da baya. Abu ne mai sauƙi, yana gabana tun farko, kuma da abin da ke cikin jirgin tun shafin farko za a yi shi. Na rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Shafi uku na rubuta a zama ɗaya. Su ne ƙarshen littafin. Don tawadar ba ta gama bushewa ba, na naɗe su daban cikin ƙyallen fari, na sa a ƙasan burgami. Na ce in an kwana biyu zan fito da duka in karanta daga farko, ko da bango ne zai saurara.

Ita ce muguwar shekarar. Nasaran Faransa da na Ingila sun ɓata, an rufe iyaka, ba kananzir, ba garwa, ba darma, mutum ya je Kano wurin danginsa sai a ce ɗan leƙen asiri ne. Kwana goma bayan na gama, gardin kumandan, dogaran Bature mai mulki, suka zo da mai gari neman mutanen aikin tilas. Gidanmu namiji ɗaya ne, ni. Aka kai mu hanyar Damagaram, fasa dutse da ɗaukar ƙasa a kwando. An ce wata ɗaya. Muka yi biyar. Ba zan ba da labarin wurin ba. A wata na huɗu zazzaɓi ya kayar da ni, na yi kwanaki ban san inda nake ba, aka jefa ni ƙarƙashin wata bishiya tare da waɗanda ake jira su mutu. Ban mutu ba. Da na iya tsayawa aka ce in tafi, ba ni da amfani.

Na iso Dungas na tarar da gari shiru. Sanƙarau ya shiga da bazara ya kwashe yara da manya. A layinmu gida uku an toshe ƙofa da ƙaya. Na shiga namu, Yaya tana daka, Zule tana zaune a gefenta, 'yar shekara bakwai, ta rame sai ido, amma da ranta. Yaya ta ba ni ruwa, ta ba ni fura, ba ta yi kuka ba, ba halinta ba ne. Da na huta na shiga zaure na ɗaga kai. Burgami yana nan a rataye. Na sauke, na ji nauyinsa daidai. Na buɗe.

Takardun suna nan, an jera su tsaf, an ɗaure da zare. Sun yi kumburi sun yamutse kamar ganyen da ya sha ruwa ya bushe. Ba baƙi ko ɗaya a jikinsu. Na juya ta farko, na juya ta goma, na juya ta ɗari. Sai inuwar toka-toka.

Yaya ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa ta ba ni labari. Da ciwon ya kama Zule, wuyanta ya sanƙare, ta je gidan malamin unguwa neman rubutun sha, ta tarar ana yi masa wankan gawa. Malami na biyu ya gudu ƙetaren iyaka da iyalinsa. Likita sai Magariya, kuma ba jaki. Ta dawo gida ta tuna da burgamina. Shekara bakwai tana ganina ina wanke hannu kafin in taɓa shi, ina rataye shi sama da kan kowa, ina hana a taɓa. Ta ce ta san ba a yi wa abin banza haka. Cewar da na yi labari ne kuwa, ai kowa ya san mai abu ba ya faɗin abinsa. Ta sauke, ta wanke shafi biyar a ƙwarya ta ɗura wa yarinyar. Washegari biyar. Maƙwabta suka ji, suka zo da ƙorensu. Ba ta hana kowa ba. Cikin kwana goma aka shanye littafin.

"Na shanya maka su a inuwa don kada su yage," in ji ta. "Takardar tana da kyau. Sai ka sake rubutawa."

Na zazzage burgamin. Ƙyallen fari ba ya ciki. Na tambaye ta. Ta ce da ta ga waɗannan ukun an naɗe su daban ta san su ne masu ƙarfin, ba ta wanke ba. Ta kai wa baduku ya ninke su ya ɗinke cikin fata. Ta kira Zule, ta ja igiyar wuyanta ta nuna mini. Laya ce sabuwa, ja, girman akwatin ashana.

Na ce, "Yaya, ba addu'a ba ce. Ko sunan Allah babu a ciki. Labarin wasu mutane ne cikin jirgin garwa."

Ta dube ni kamar yadda take duba ni muna yara in na yi shirme. Ta ce, "Kai ka san abin da ka rubuta, Mato. Ni na san abin da na gani." Ta koma wajen turminta.

Yara goma sha wani abu suka sha ruwan nan. Wasu sun mutu, wasu sun tashi, kamar yadda aka yi a gidajen da ba su sha ba. Amma mutane waɗanda suka tashi suke ƙirgawa. Aka fara ce mini Malam Mato. Ana zuwa da kaza, da goro, a ce in taimaka da rubutu. Na je wurin sabon liman na faɗa masa gaskiya duka. Ya ce waraka ta Allah ce, ba ta tawada ba, kuma kada in kuskura in rubuta wa wani ya sha. Ban taɓa yi ba. Na riƙa mai da kajin. Aka ce ina da abu ina rowa. Wasu suka daina kawo mini fitila. A da ana gudun in karanta musu, yanzu ana jin haushin na ƙi rubuta musu. Zaman ni kaɗai dai bai canja ba.

Na sake rubutawa, a kan takardun nan da ta shanya. Hawan ya dawo mini, da salkunan iska, da faɗan maƙeri da falke, ko da yake bai kai na farko ba. Shekara uku. Da na zo wurin saukowa sai na tarar da rami. Na tuna matar da mazurarinta. Na tuna dariyar da na yi. Abin da ya sa ni dariyar ya tafi tare da zazzaɓin hanyar Damagaram. Na ƙago hanya huɗu daban. Kowacce in na karanta sai in ji muryar Kafaran, in yage. Na sayi mazurari irin na matar na ajiye a gabana wata guda ina kallo. Ba abin da ya zo.

Amsar kuwa tana yawo a tsakar gida, a wuyan yarinya, tana cin tuwo a gabana. Sau ɗaya na ce wa Yaya a ba ni aron layar in duba in mayar. Ta ce laya in an buɗe ta ta mutu, in ina son in kashe mata 'ya in faɗa a fili. Ban ƙara ba. Zule ta girma, ta yi aure a Bande, ta tafi da ita. Yaya ta rasu shekara biyu kafin Nasara su tafi.

Bayan arba'in ɗinta na ɗaura kayan aiki a jaki na kama hanyar Bande, kwana biyu. Na gaya wa kaina kasuwa za ni ci. Wuƙar feƙe alƙalami tana aljihuna, na wasa ta.

Na tarar da Zule da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Biyu ta haifa kafin wannan, ɗaya ya rayu. Ta durƙusa da ƙyar ta gaishe ni, ta shimfiɗa mini tabarma a gindin dalbejiya, ta kawo fura. Mijin yana gona. Muka yi gaisuwar rasuwa, muka yi zancen damina. Layar tana wuyanta, ta yi baƙi ƙirin da zufa da shekaru. Ina neman ta inda zan fara, sai ita ta riga ni.

"Kawu, gara da Allah ya kawo ka. Dubi abinka, ɗinkin ya saki."

Ta cire ta daga wuya, ta ce ba ta taɓa cire ta ba tun ranar da aka rataya mata, ko a haihuwa da ita take. Ta sa mini a hannu. Gefe ɗaya zaren ya ruɓe, fatar ta buɗe baki. Ina ganin bakin takardar siminti, ninki a kan ninki, har da ƙafar wani harafi nawa a karkace. Ta ce badukun garin ba ta yarda da shi ba, hannunsa ba tsarki, kuma tana tsoron ta shiga naƙuda da ita a haka. Ko zan yi mata gida na gwangwani, irin wanda ruwa ba ya shiga?

Na ce zan yi.

"Amma kada ka buɗe, Kawu. Ka fi ni sani."

Ta shiga ciki ɗora tukunya. Na zauna da abin a tafin hannu. Zare uku suka rage. Ba sai na sa wuƙa ba ma, farce ya isa. In zaro, in karanta shafi uku, in mayar, kafin ruwanta ya tafasa na gama, ba mai sani. Daga cikin gida ina jin ta tana nishi in ta sunkuya, tana yi wa ɗanta faɗa ya bar wuta.

Na hura gawayi. Na zaɓi gwangwanin madara mafi tsabta cikin kayana, na goge shi da yashi har ya ɗauki ido. Na auna, na yanka, na lanƙwasa gida da murfi, na yi kunne biyu na igiya. Na sa layar a ciki yadda take, da fatarta da bakinta a buɗe. Na naɗe gidan da jiƙaƙƙen tsumma don kada zafi ya kai ga takarda, na bar bakin haɗin kawai. Na ɗauki ƙarfen Kafaran, na taɓa sinadari, na ja darma zagaye ɗaya ban ɗaga hannu ba. Na tsoma a ruwa na riƙe, ina duban ko kumfa za ta fito. Ba ta fito ba.

Zule ta fito tana share hannu a zane. Ta karɓa ta juya, ta rataya, ta ce ya ƙara nauyi. Na ce wuya zai saba. Ta tambaya ko zai buɗe wata rana.

Na ce, "Ba mai buɗe wannan sai ya fasa shi. Har ni."